Muhawara kan fim ɗin Cube: ɗaki guda, kuɗi kaɗan, ƴan zauren Tawa sun rabu biyu

Abdul-Razak, mai kula da zaure:
Assalamu alaikum ƴan zaure. Fim ɗin wannan sati shi ne Cube, na ƙasar Kanada, wanda Vincenzo Natali ya bada umarninsa, ya fito a 1997. Minti 90 ne. Wanda bai kalla ba ya dakata nan, don za a fasa ƙwai. Mutane ne suka farka cikin wasu ɗakuna iri ɗaya, tsawo da faɗi da tsayi duk daidai, kowane ɗaki da ƙofa shida: huɗu a bango, ɗaya sama, ɗaya ƙasa. Wani ɗakin lafiya lau, wani da tarkon da ke kashe mutum nan take. Ba ruwa, ba abinci, ba wanda ya san wa ya kawo su. To, ya cancanci yabon da ake masa, ko dai ƙaramin fim ne da ya yi sa'a?

Balkisa:
Wa alaikumus salam. Bari in fara da ɓangaren masu ƙorafi. An zaunar da mutum awa ɗaya da rabi, ƙarshe ba a faɗa masa wa ya gina wurin ba, don me, kuma me ke waje. Kazan, ɗaya daga cikinsu, ya fita cikin farin haske, shi ke nan. Ko tatsuniya ai ana cewa ƙurunƙus ne bayan an san makomar Gizo. Sannan wanda ya fito a Quentin, ɗan sandan nan, zare ido da ihu sun yi masa yawa. Da farko shi ne mai hankalin tawagar, can kuma sai ya koma mahaukaci ba tare da an nuna mana matakalar da ya bi ba.

Isufu Montaj:
Yaya Balkisa, maganar wasan Quentin na yarda da ke rabi. Amma a fara sanin yadda aka yi fim ɗin, don shi ke bayyana abubuwa da yawa. Kasafinsa wajen dala dubu 350 ne, dalar Kanada fa, ba dalarmu ta kasuwa ba. A Toronto aka ɗauke shi cikin kusan sati uku. Duk ɗakunan da kike gani ɗaki guda ne tal aka gina, ƙafa 14 kowane gefe, wato mita 4 da ɗan ɗori, sai wani guntun ɗaki da ake jinginawa bayan ƙofa don in an buɗe a hango kamar akwai na gaba. Launin ɗakin kuwa daga bayan bango ake canza shi: bangon yana barin haske ya ratsa, ana zura faifai masu launi tsakaninsa da fitilu. Sauya faifan nan yana cin lokaci, saboda haka ba a bi labarin a jere wajen ɗauka ba, launi-launi aka bi. A gama duk na jan ɗaki, a koma na shuɗi, haka. To ɗan wasan da yau da safe yake ɗaukar minti na 15, da la'asar minti na 70, ba tufafi daban, ba wuri daban da zai tuna masa inda yake a labarin, dole wani lokaci zafin wasansa ya haura ko ya gaza. Wannan aikin mai bada umarni ne ya riƙe takarda mai nuna matakin fushin kowa a kowane fage.

Balkisa:
To ka ga ka tabbatar da maganata. Rashin kuɗi ya taɓa wasan.

Isufu Montaj:
Ya taɓa wasan, amma shi ya haifi tsoron. Da suna da kuɗin gina ɗaki goma daban-daban, da mai kallo ya samu alamar gane hanya. Da yake ɗaki guda ne, kai ma ka ɓace tare da su.

Tonton Haruna:
Sannunku da hira ɗiyana. Ni abin da ya burge ni shi na dabarar tsohon nan Rennes, wanda anka ce ya tsere daga gidajen kaso da dama. Ya ɗaure takalmi da igiya, shi jefa cikin ɗaki kahin kowa shi shiga. Wanga ai dabarar masu ginar rijiya ta. Rijiya mai zurhi in ta daɗe a ruhe, ba a shiga sai an zura hitila da igiya. In ta mutu, iskan ƙasa ba shi da kyau, sai an yi ta kaɗa shi da ganye ko buhu tukuna. Amma hitila iska kawai taka gwadawa, ba ta gaya maka ko akwai maciji. Haka takalmin nan, abu guda shika gwadawa. Shi ya sa gwanin na su shi anka fara kashewa cikin tawagar.

Lawali Elektro:
Tonton ya taɓo inda ya fi mini daɗi. Bari in warware shi, don na'urorin gano mutum ba iri ɗaya ba ne, kuma takalmi wasu kawai yake ruɗa.

Akwai mai aiki da zaren haske daga bango zuwa bango, in abu ya gitta ta tashi. Wannan takalmi yana tada ta, in dai ya bi ta kan zaren. Akwai mai aika sauti ko igiyar rediyo tana sauraron dawowarsa, kamar ta ƙofofin da ke buɗe kansu. Ita ma duk abin da ya motsa tana jinsa. Amma irin wadda ake sawa a fitilun tsakar gida, mai kunna kanta in mutum ya wuce, ɗumin jiki take gani yana motsi. Jikin mutum digiri 37 ne, takalmin da aka cire ya huce ya zama ɗaya da ɗaki, ba za ta kula shi ba. Ta ƙarƙashin daɓe kuwa nauyi take jira. Takalmin kilo ɗaya ba zai danna abin da aka saita wa kilo 30 ba. A fim ɗin, wadda ta fesa wa Rennes asid a fuska an ce sinadaran da jiki ke fitarwa take shinshina. Irin wannan akwai ta a zahiri, kamar masu auna iskar da muke fitarwa, sai dai suna da nawa: sai mutum ya ɗan jima a ɗaki kafin awon ya motsa. A fim an gaggauta ta.

Da ana son gwaji mai inganci da abin da ke hannunsu, ga yadda ya kamata: a jefa takalmi yana da ɗumi, an ciro shi daga ƙafa ko daga cikin riga yanzu-yanzu, a ja shi a ƙasa daga ƙofa zuwa tsakiya, ba jifa ɗaya ba, a yi tafi ko ihu daga bakin ƙofa don gwada ta sauti, sannan a zura riga mai gumi a bar ta minti biyu ko uku. Ba zai kama duka ba, amma ya fi jifa ɗaya.

Sani Walda:
Lawali, ɗakin da tarkonsa sauti ne fa? Ƙofar ƙarfe ce mai ƙara, an buɗe ta garam, tsinken bai fito ba. Wannan ba kuskure ba ne?

Lawali Elektro:
A'a, wannan kam mai sauƙi ne, kuma su kansu sun ce an saita shi ya ƙyale ƙarar ƙofa. Ɗan makunni kawai za ka sa a jikin ƙofar: muddin tana motsi, a yanke layin mikro, in ta tsaya a mayar bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu. Irin jinkirin da ake sa wa ƙararrawar shago ne don mai shago ya samu ya fita ya kulle. Wannan fagen a wurina shi ne mafi kyau a fim ɗin gaba ɗaya. Ba jini, ba kiɗa. Mutum biyar ne kawai ke ƙoƙarin kada su yi tari. Sisi bai ci ba.

Malama Hadiza:
Salamu alaikum. Tun da an zo kan kurakurai, bari in shigo da lissafi, don nan ne fim ɗin ya yi ƙoƙari kuma nan ne ya yi tuntuɓe.

A bakin kowace ƙofa akwai lamba uku, kowace mai gurbi uku. Leaven, ɗalibar nan mai tabarau, ta fara zaton in ɗaya daga cikinsu lamba ce da ba ta rabuwa sai da kanta ko da 1, irin 2, 3, 5, 7, 11, 13, to ɗakin da tarko. Gwada lambar da ba ta kai 1000 ba abu ne da ɗan aji shida zai iya in an nuna masa hanya. In ta ƙare da 0, 2, 4, 6, 8 ko 5, an gama, tana rabuwa. In ka tara gurabenta jimlar ta rabu da 3, ita ma an gama. Saura ka gwada 7, 11, 13, 17, 19, 23, 29 da 31. A 31 ake tsayawa, don mai bi mata 37 ce, kuma 37 sau 37 ya ba da 1369, ya wuce 999. Misali 649: ba ta rabuwa da 7, amma 11 sau 59 ne. Abin dariyar shi ne a fim ɗin ana nuna Leaven tana ɓata lokaci tana tunani a kan lambar da ta ƙare da 5, abin da kallo ɗaya ya isa.

Babban tuntuɓen yana gaba. Daga baya ta gano cewa ba waɗannan kaɗai ba ne, har da lambobin da ake samu in an ninka irin wannan lamba da kanta sau biyu ko fiye, kamar 3 sau 3 sau 3. Sai ta ce wannan ya fi ƙarfin kan mutum, sai Kazan mai baiwar lissafi. Ba gaskiya ba ne. Masu gurbi uku cikakku guda 15 ne kacal: 121, 125, 128, 169, 243, 256, 289, 343, 361, 512, 529, 625, 729, 841, 961. Ƙasa da 100 kuma guda 10: 4, 8, 9, 16, 25, 27, 32, 49, 64, 81. Ashirin da biyar ke nan. Wadda ta iya gwajin farko a ka, za ta kwarzana waɗannan a bango da maɓalli cikin minti biyar. Marubutan sun so ne a buƙaci Kazan, sai suka kumbura wahalar.

Abdul-Razak:
Malama, to in haka ne ɗaki nawa ke da tarko?

Malama Hadiza:
Ƙasa da 1000 akwai lamba 168 marasa rabuwa. Ƙara 25 ɗin nan, 193. Da a ce kara-zube aka zuba lambobin, damar lamba ɗaya ta zama lafiya 807 ce cikin 1000, kuma sai duk ukun sun zama lafiya. In ka ninka sau uku, wajen 53 cikin 100. Wato kusan rabi da rabi. Wanda ke shiga da ka, damar ya wuce ɗaki goma a jere ba ta kai 2 cikin 1000 ba.

Inda kuma na yaba musu: adadin ɗakunan. Worth, wanda ya zana ɓawon waje na ginin, ya faɗi cewa ɓawon ƙafa 434 ne. Ɗaki da kaurin bangonsa ƙafa 15 da rabi. Raba, ka samu 28. Cire fili na ɗaki guda ta kowane gefe, saura 26. 26 sau 26 sau 26 ya ba da 17,576. Sannan in ka tara guraben kowace lamba kana samun matsayin ɗakin: tsawo, faɗi, tsayi. Da suka ci karo da ɗaki mai matsayi 27, alhali iyaka 26 ce, shi ne gadar da ke fita waje. Wannan tsaf yake. Sun ɗauki malamin lissafi, David Pravica, ya tsara musu.

Sani Walda:
Malama, akwai abin da lissafin bai faɗa ba. An ce ɗakunan suna yawo. To abin da ya cika maƙil ba ya motsi. Ko a dara sai da gurbi a buɗe kake tura ɗa. Saboda haka 17,576 gurabe ne, ba ɗakuna ba, dole wasu fanko ne. Kuma a matsayin aikin ƙarfe: akwati mai wajen mita 4 da santimita 70 kowane gefe, da ƙofa shida da injin tarko a ciki, tan da yawa ne. Ka jera 26 bisa juna, kowane yana zamewa a kan dogo, kuma ƙofarsa ta dace da ta maƙwabcinsa daidai ba ko ɗan yatsa na kuskure. Ƙarfe yana miƙewa da zafi, wajen milimita ɗaya da ɗigo biyu a kowane mita in zafi ya ƙaru da digiri 100. A tsawon mita 130, bambancin digiri 20 kawai zai ba ka santimita 3. Wa ke shafa giris? Wa ke share gawa? Wa ke cika tankin asid?

Balkisa:
Yauwa Sani! Wa ke share gawa? Tambayar da fim ɗin ya gudu ya bari ke nan.

Tonton Haruna:
Ɗiyata, bai gudu ba, ya amsa, amsar ce ba ta yi miki daɗi ba. Worth ya ce shi kwangilar zanen ɓawon waje kawai anka ba shi, bai san wanda ya ba wanda ya ba shi ba. Kowa ya yi guntun aikinshi ya amshi kuɗinshi, wanda ya san dalilin farko ya tahi ko an manta da shi, aikin kuwa ya ci gaba don an riga an kashe kuɗi. Ana sa mutane ciki don kar a ce ginin banza na. Duk wanda ya san yadda takarda ka yawo daga biro zuwa biro, kowa shi buga hatimi ba wanda ya karanta, ya san wanga ba tatsuniya ba ta. Holloway likita tana son a ce gwamnati ta ko sojoji, Quentin shina son a ce wani attajiri na mai mugun wasa. Dukansu sun hi son a ce akwai mai shi. A ce babu kowa bisa kujera, shi ya hi ban tsoro.

Balkisa:
Tonton, da girmanka, wannan bakin Worth ne kawai, mutumin da ya riga ya yanke ƙauna. Ba a nuna mana ba.

Abdul-Razak:
Yaya Balkisa, an gwada abin da kike so. An yi Cube 2: Hypercube a 2002, aka yi Cube Zero a 2004, ba Natali ne ya bada umarninsu ba. A na 2004 har an nuna ma'aikatan da ke zaune suna kallon na ciki ta allo suna bin umarni. Galibin masu son na farko sun ce bayanin ya rage masa kwarjini. Ki kalla ki yi hukunci. A Japan ma sun sake yin nasu a 2021.

Majo Ramatu:
Sannunku. Ta fannin jiki zan yi magana, tun da fim ne na neman tsira.

Iska tukuna. Ɗaki mai mita 4 da santimita 27 kowane gefe yana ɗaukar wajen mita-kubik 78. Mutum a zaune yana fitar da kusan lita 20 na gurɓatacciyar iska a awa. Su biyar, lita 100. Ko da ɗakin a toshe yake ruf, sai sun kusa kwana guda kafin ta kai kashi 3 cikin 100, inda ciwon kai da haki ke tsananta. Da yake suna sauya ɗaki, iska ba ita ce matsalarsu ba. Fim ɗin ya yi daidai da bai tsaya kanta ba.

Ruwa ne matsala. Kwana uku da ake faɗa ƙiyasi ne na mai zaune a inuwa. Mai hawa da sauka yana gumi, sa'o'i kaɗan sun isa ya rasa kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, kuma daga nan hankali ke fara raguwa: lissafi ya yi wuya, fushi ya zo da wuri. Saboda haka Leaven da ke ƙara kuskure da Quentin da ke ƙara hauka, jiki ya yarda da su fiye da yadda Balkisa ke zato. Da a watan Afrilu na Tawa aka ajiye akwatin nan, zafi ya haura 40, ba za a kai kwana biyu ba. Maɓallin riga da Rennes ya ce a tsotsa yana jawo yawu, yana rage bushewar baki, amma ɗigon ruwa ba ya ƙarawa jiki. Kada wani ya ɗauka magani ne.

Asid a fuska kuma, ko ruwan batir ne ya fallatsa wa mutum a garaji: ruwa mai gudu, minti 20 ko fiye, a cire tufafin da ya jiƙe, a buɗe ido a wanke daga gefen hanci zuwa waje, sannan asibiti. Ba a shafa mai, ba a shafa man goge baki, ba a zuba toka ko kanwa wai don a kashe shi.

Abin da ban so ba shi ne yadda aka yi da Kazan. An ɗauko mai lalurar galahanga an mai da shi na'urar lissafi. Masu irin wannan baiwar ƙalilan ne ƙwarai cikin masu lalurar. Iyaye su kalli wannan su yi ta jiran ɗansu ya fito da abin mamaki, alhali abin da yake bukata haƙuri ne da koyarwa.

Malama Hadiza:
Majo, na goyi bayanki. Kuma kamar yadda na nuna, ko ta lissafi ba a bukaci hakan ba.

Abdul-Razak:
Wani abin lura: sunayensu duka na gidajen kaso ne. Quentin daga San Quentin na Amurka, Holloway na Landan, Rennes na Faransa, Kazan na Rasha, Alderson wanda aka fara yankawa shi ma na Amurka, Leaven da Worth kuwa in ka haɗa su Leavenworth ne. To Isufu, tambayar da matasa ke turo mini ta gefe: za a iya yin irinsa a nan?

Isufu Montaj:
Za a iya, kuma garin da Mustafa Alasan ya zauna yana yin fim ɗin zane da na ƴar tsana da kayan da ya haɗa da hannunsa bai kamata ya yi wannan tambayar da tsoro ba. Amma kada a kwafi labarin, a ɗauki dabarar: wuri guda, mutane kaɗan, doka guda da mai kallo zai gane cikin minti biyar. Ga inda ake faɗuwa.

Haske. Zaren LED mai sauya launi, na volt 12, nadin mita 5 mai ƙwai 60 a mita, yana cin wajen wat 72, wato amfiya 6. Da shi ba ka bukatar faifan launi, da rimot za ka sauya ɗaki. Amma kada ka jona nadi biyu a jere daga baki ɗaya, ƙarshen zai dushe ya koma ja-ja; kowane nadi a ba shi wayarsa. A bar tazarar santimita 15 zuwa 20 tsakanin ƙwan da farar ledar bango, in ba haka ba ɗigo-ɗigon ƙwan zai fito a hoto. In ka rage hasken da rimot, kamara tana ganin layi-layi yana gudu, don ƙwan kashewa da kunnawa yake da sauri. A bar shi a cike, a rage daga kamara. Kuran ɗinmu mai bugu 50 ne, saboda haka hoto 25 a daƙiƙa, saurin buɗe idon kamara, wato shata, 1 bisa 50.

Fata. Wannan Turawan ba su damu da shi sosai ba, mu dole. Baƙar fata ƙarƙashin shuɗi ko ja tsantsa tana shanye hasken, fuska ta zama inuwa. Sai ka ƙara ƙaramar farar fitila daga gefe, mai laushi, ka shafa wa ɗan wasa man kaɗe kaɗan a goshi da kumatu don hasken ya samu inda zai sauka. Ja kuma shi ya fi lalacewa in an matse bidiyo. Abin da ka gani tas a kwamfuta, in ya bi ta WhatsApp sai ya dawo dabbare-dabbare. A gwada turawa kafin a ɗauki fage goma cikin ja.

Lawali Elektro:
Ƙari kan wuta: nadi shida wat 432 ne. Batir mai amfiya-awa 100 a volt 12 yana riƙe wat-awa 1200, amma rabi ake ci in ana son ya yi rai, wato 600. Awa ɗaya da minti 20 ke nan. Ko dai batir uku da faifan sola, ko gurup, wato janareta. In gurup ne a kai shi mita 30 ko fiye, bayan katanga, da waya mai kauri, don mikro ya fi kunne jin gurnaninsa.

Sani Walda:
Ginin kuma kada a yi shi duka da walda. Firam na ƙarfe mai kusurwa huɗu, na 40, bango uku da daɓe a kafe, bango na huɗu da rufi a ɗaura da noti don a cire kamara ta samu wuri. Ƙofar da za a riƙa hawa ita kaɗai za a ƙarfafa da ƙarfe mai kauri, sauran na ado ne, katako mai fenti ya isa. Ƙofar ƙasa tana bukatar a ɗaga ɗakin gaba ɗaya aƙalla mita ɗaya, nan ne kuɗin ƙarfe ke tafiya. In babu hali, a ɗauki fagen sauka daban a kan tebur mai rami.

Isufu Montaj:
Sauti shi ke kashe finafinanmu, ba hoto ba. Bango biyu masu fuskantar juna suna mayar da murya kamar cikin tulu. A rataya barguna a gefen da aka cire, a shimfiɗa katifa inda kamara ba ta gani, mikro ya matso kusa da baki kamar kamu biyu. A kashe fanka lokacin ɗauka. Shi ya sa Disamba da Janairu ne lokacin aikin, cikin ɗari. A watan Mayu mutum biyar cikin akwatin leda ba fanka, Majo za ta samu baƙi. A ɗauki minti ɗaya na shirun ɗakin kowace rana don cike gurabe wajen montaj. Gurnanin ɗakuna masu motsi kuwa, ja ƙofar ƙarfe ta shago a hankali, ka ɗauka, ka rage saurinsa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu.

Jini: kofi biyu na sukari, kofi ɗaya na ruwa, a dafa har ya yi danƙo, a huce, a sa jan kalar abinci, sannan rabin cokali na garin kofi ko koko don ya yi duhu. Zoɓo ba ya yi, yana komawa shunayya a kamara kuma ya yi ruwa da yawa. A tanadi riga uku iri ɗaya ga duk wanda za a zuba wa. A wanke daɓe nan take, in ba haka ba ƙuda da kiyashi su shiga fim. Kuma kada a zubar da jini a jan ɗaki, ba a ganinsa; a fari ko kore yake fitowa.

Majo Ramatu:
Kada a sa shi kusa da ido, kuma wanda za a zuba a baki a yi sabo ranar, sukari a zafinmu yana tsami da wuri. Sannan Abdul-Razak, a rubuta a saman zaure cewa ba na yara ba ne. Fagen farko kaɗai, inda ragar waya ta yanka mutum gunduwa-gunduwa, ya isa ya hana yaro barci.

Balkisa:
Na ji duk bayananku, kuma na yarda an yi dabara. Fagen shirun nan ni ma na riƙe numfashi. Amma ina nan kan bakana a abu biyu. Dawowar Quentin a ƙarshe: an bar shi can baya cikin ɗakunan da ke yawo, ba ya lissafi, ba shi da Kazan, ya aka yi ya iso gadar daidai lokacin, har ya shigo ba wanda ya ji ƙarar ƙofa? Malama, ba ke kika ce rabi da rabi ba ne?

Malama Hadiza:
Nan kam ba ni da abin kare su. Sai dai a ce sawunsu ya bi, yana jin ƙarar ƙofofinsu. Amma da ɗakin da suke ciki ya motsa, sawun ya yanke.

Tonton Haruna:
Wanga kam ɗiyata kin kada mu. Na biyun fa?

Balkisa:
Na biyun Leaven. Ita ta yi aikin duka, ta karanta lamba da fasasshen tabarau, ta gano gadar, sai a kashe ta a bakin ƙofa don kawai a girgiza mai kallo. Da Worth kaɗai ya tsaya ya riƙe Quentin, ita da Kazan suka fita, ba abin da zai ragu.

Isufu Montaj:
Zai ragu abu guda: in Leaven ta fita, za ta yi magana, mai kallo zai so ya ji me ta gani. Kazan ba zai ba kowa labari ba. Kuma farin haske kyauta ne, waje kuwa sai an gina shi.

Abdul-Razak:
To a kaɗa ƙuri'a kafin sallar isha'i, daga 1 zuwa 10. Malama, ki turo hoton lambobin nan 25 a rubuce, mutum uku sun tambaya. Sani, ana son kiyasin sandunan ƙarfe nawa ɗaki mai mita 3 zai ci, wai mita 4 ya yi wa tsakar gidansu yawa.

Sani Walda:
Gefe 12 ne, kowane mita 3, mita 36. Sanda mita 6 ce, shida ke nan na firam kawai. A ƙara takwas na giciye da bakin ƙofofi. Amma a mita 3 kamara ba ta da wurin ja da baya, sai an cire bango biyu.